Na Je Tuboro Ceton Ɗorawa

Shekara biyu bayan ƙwallon Afirka da aka buga a filin unguwarmu, Rumde Ajiya, shekara guda kuma bayan man zuwa-zuwa, fetur ɗin da ake tsallako mana da shi ta iyaka, ya yi fiffike ya tashi sama, tun da Najeriya ta ɗauke hannunta daga kansa, a nan ne na yi wannan tafiya, tsakanin ƙaramar salla da faɗuwar ruwan farko. Ni Hajja Kande mai daddawa ban taɓa zama a bencin lakol, wato makarantar boko, ba. Baki nawa ne, hannu na maƙwabciyata Malama Zuwaira, kuma na ce mata kada ta gyara mini ko kalma ɗaya.

Ga abin da ya tashe ni. Daddawata da duk Garwa ta sani, daga kalwar wuri guda ake yin ta, wato 'ya'yan itatuwan ɗorawa na gonar ƙawata Marta, a wani ƙauye gab da Tuboro. Marta 'yar dutse ce, Kirista. Daga wajen Mokolo suka gangaro da mijinta neman ƙasar auduga, tun muna da ƙarfin ɗaukar buhu a ka. Kowace bazara takan aiko mini da kalwa manya, cikakku, babu ƙwaro, a kan kamyo, wato babbar motar masara.

Wata Laraba sai ga Alhaji Tanimu mai gawayi ya kawo mini itacen dahuwa. Kakansa Bazazzagi ne, nawa kuwa daga Kano ya zo da fataucin goro, saboda haka ba ma gaisawa sai da tsiya.

"Bakanuwa, ki yi murna," in ji shi. "Na samo itatuwa a Tuboro, manya-manya, na wani yaro Iliya, ɗan wata tsohuwa 'yar dutse. Jibi zan je mu ƙulla."

"Wane irin itace?"

"Ɗorawa."

Na ce, "Bawan Kanawa, yanzu har ɗorawa ake yi wa gawayi?"

"Kirya ta ƙare, marke ya ƙare. Da babu gara ba daɗi."

Iliyan nan ɗan Marta ne, na goya shi a bayan nan nawa. Na sa aka kira mini ita a waya. Ta ce gaskiya ne. Gona ta koma hannun ɗa tun rasuwar uban, yana so ya sayi famfo mai aiki da hasken rana saboda lambunsa na bakin kogi, ita kuwa ta yi magana har murya ta dushe. Na ce ta shimfiɗa mini tabarma. Sannan na tambayi Tanimu wace mota zai shiga, ya faɗa mini, bai san abin da ya yi wa kansa ba.

Daga Garwa zuwa Ngong

Ran Juma'a, ina idar da sallar asuba na hau moto, wato babur, zuwa tasha, da butata, da ƙullin goro, da wani tsohon bargo da nake rufin daddawa da shi. Motar wata tsohuwar bas ce, mu ashirin da wani abu ban da kaji. Tanimu ya riga ya biya kuɗin gaba. Da ya je sayen ruwa ya dawo, sai ya tarar da ni a wurin.

"Hajja, kujerata ce."

"Tun yaushe bawa ke zama gaba uwargijiyarsa na baya?"

Direba, wani Bafillace Hamadu, ya yi dariya har ya kifa kansa a kan sitiyari. Haka Tanimu ya koma bayana, gwiwoyinsa a haɓarsa.

Muka hau gadar Binuwai gari na wayewa. Kogin ya janye ya bar rairayi fari fat, dorina biyu kwance a ɗan ruwan da ya rage kamar an jefar da turame. Muna sauka Hamadu ya tsaya wurin masu mai a kwalabe, ya yi ciniki har jijiyar wuyansa ta tashi, ya dawo yana tsaki.

"Dada," in ji shi, haka suke kiran uwa, "da, man nan ya fi ruwan kanti araha. Yau sai ka ji kamar turare kake zuba wa mota."

Tanimu ya leƙo ta kafaɗata. "Da can ma ba araha ba ne, wani ne ke biya muku rabin. Mai biyan ya gaji."

"Kai da kake murna da tsada," na ce.

"Ni ba murna nake ba. Amma ki lura, tun da mai ya hau, mutane sun koyi haɗa sako uku a tafiya ɗaya. Tsada malama ce, bulalarta ce kawai ba daɗi."

A Ngong muka karya da makala, wato fanke, da kunun gyaɗa. A gefen hanya mata sun jera damman itace, sai na je na duba. Wallahi tsinken sakace ya fi wasu kauri. Lokacin da na fara bin hanyar nan, dami ɗaya sai mutum biyu sun kama.

Wani malamin lakol, Metir Daniyel, da za shi Cholire bakin aiki, ya ce maganin abin shi ne kowa ya koma gas. Wata mata daga baya ta ce ita tulun gas ɗinta ya yi wata yana bin layi, har yara sun mai da shi kujera. Metir ya ce to lantarki. Mota duka ta kwashe da dariya, don kowa ya san in ruwan dam ɗin Lagdo ya ja baya, kuran, wato lantarkin, sai ya riƙa zuwa kamar baƙon da ke jin kunya. Metir bai yi fushi ba. Ya ce shi ya sa ya ce rana, don ita ce ba ta bin layi, ba ta kuma tsallako iyaka a jarka. Na ce masa, "Ɗana, rana tana iya dafa kalwa yini da kwana?" Ya ce tukuna dai, amma ana kan hanya. Na ce in ta iso ta gaishe ni.

Gijiba

Rana ta take muka bar kwalta a Gijiba, muka kama jar hanya ta gabas. Nan akwai kontrol, shingen binciken matafiya. Jandarma ya karɓi katin kowa, ya duba nawa ya duba fuskata, ya ce hoton ya fi ni tsufa. Na ba shi goro.

Kusa da shi akwai wani ma'aikacin gandun daji, dogo, mai fara'a. Yana ganin Tanimu ya ce, "Alhaji, kai ne kuma?"

Na ce, "Ɗana, kama shi. Daji zai je ya cinye."

Ya karɓi takardun Tanimu, ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya mayar masa. "Hajja, takardunsa sun cika. Amma ke da me kike dafa tuwo a gida?"

Na ce rana ta yi zafi, a bar mu mu wuce. Tanimu ya yi ta maimaita tambayar nan a kunnena har muka shiga daji, inda gwaggon birai suka zauna a bakin hanya suna kallonmu kamar su ma kontrol ne.

Cholire

La'asar sakaliya muka shiga Cholire, kowa ya yi ja kamar an tono shi. Na sauka a gidan Hadiza, 'yar ƙanwar marigayi maigidana, Tanimu kuma aka ba shi zaure, don na ce ba a barin bawa ya kwana a tasha.

Hadiza tana da faranti biyu na hasken rana a kan rufin ɗakinta, pano suke ce musu, da su take kunna firij tana sayar da folere mai sanyi, wato zoborodo. Ta miƙo mini kofi. Ba zan yi ƙarya ba, sai da na ji sanyin har cikin ƙashin bayana.

"Kin gani?" in ji Tanimu daga bakin zaure. "Ranar da ta gasa ki a hanya, ita ce ta sanyaya miki ruwa. Irin wannan yaron yake so a lambunsa. Laifi ne?"

"Ba laifi ba ne. Amma a sare inuwa don a sayi rana, wannan ciniki sai Bazazzagi."

"Hajja, ni ba ni da gatari, ku ne gatarin. Ranar da matan Garwa suka daina saye, ni ma na koma sayar da atamfa."

Na ce masa ita kasuwa tana da sauri, itace kuwa ba ya jin farashi. Ko buhun gawayi ya kai kuɗin saniya, ɗorawa ba za ta yi saurin girma don haka ba. Ya ce wannan kam gaskiya ce, amma gaskiya ba ta hura wuta.

Aka kawo tuwon masara da miyar tafasa da kifi. Loma ɗaya na gane dunƙulen kanti Hadiza ta jefa. Na yi mata faɗa daidai gwargwado, na ciro daddawa biyu daga ƙullina na ba ta, sannan na cinye tuwon tas.

Hanyar Tuboro

Washegari muka sami wata a-kori-kura mai kai gishiri da sabulu. Wannan karon Tanimu da kansa ya buɗe mini ƙofar gaba. Hanyar ba ta da kirki, amma tana da kallo. Muna shiga ƙasar auduga sai na ga hayaƙi dama da hagu, tuli-tuli na kara ana cinna musu wuta a tsakiyar gonaki. Na tambayi wani manomi da muka ɗauka a hanya. Ya ce ka'idar noman auduga ce, dole a tuge karan a ƙone kafin ruwa ya sauka, in ba haka ba tsutsa ta kwana a ciki ta ci ta baɗi.

"Ga wuta kyauta tana tafiya sama," na ce wa Tanimu ta taga. "Me ya hana ka kwasa?"

"Ba ta da nauyi. Gawayinta kafin ya kai Garwa ya zama kwalli. Mai saye yana ɗaga buhu ya ji ba nauyi, sai ya ce na cuce shi."

Gidan Marta

Daga Tuboro moto biyu suka kai mu ƙauyen. Marta tana bakin danga tana jira. Ta rame, haƙoran gaba sun tafi, amma dariyar tana nan. Muka rungume juna muna juyawa har ɗankwalina ya faɗi.

"Hajja, kin tsufa."

"Ke kuma an ce miki yarinya ce? Ina haƙoranki?"

"Na ba jikoki aro."

Ta riga ta sa an kira wani maƙwabcinsu Musulmi ya yanka zakara, kamar yadda take yi duk zuwana. Surukarta Sara, matar Iliya, ta kawo ruwa ta durƙusa. Yarinya ce mai shiru, mai manyan hannuwa, irin hannun da nake so.

Da rana ta yi sanyi muka tafi gona. Itatuwan suna nan a jere a gangaren, kowanne sai mutum biyu sun haɗa hannu kafin su zagaye shi, 'ya'ya na reto kamar an rataya bulalai. Iliya ya zo daga lambu da taɓo har gwiwa. Ya cire hula ya gaishe ni, sannan ya gaida Tanimu, sai ya tsaya yana kallon ƙasa.

Na fara da abin da na tanada tun daga Garwa. Na tuna masa ubansa ne ya bar itatuwan nan da ya sare sauran dajin. Na ce garin ɗorawa ya raine shi, inuwarta ta raini shanunsa. Na yi magana mai daɗi, ni kaina na ji daɗinta. Ya bari sai da na gama.

"Mama Hajja, in yi magana?"

"Yi."

"Injin ban-ruwana mai yake sha, man kuwa ya fi ƙarfin albasar. Bara rabin lambun ya bushe ina kallo. Itatuwan nan kuma ɗanyar kalwa nake sayarwa, kuɗinta ba ya kai ko'ina. Amfanin yana wurin mai sani, sanin kuwa yana Garwa." Ya ɗan yi murmushi. "Kuma in kalwar ta je Garwa, da me kike dafa ta yini da kwana? Da itacen Alhaji. Ashe ke ma kina cin ɗorawa ta sama, kina cin 'yan'uwanta ta ƙasa."

Tanimu ya ce, "Yaro, Allah ya yi maka albarka. Kwana biyu ina neman wannan maganar."

Na zauna a kan saiwa. Yaron bai yi ƙarya ba, kuma ban zo tun daga Garwa don in koma da kunya ba. Can gefen gonar na hango tulin karan audugarsa, ya fi ɗaki tsawo, yana jiran ashana.

Na ce, "Kada ka ƙone wancan. Gobe za a dafa kalwa a nan, da shi. Sara za ta tsaya kusa da ni, ta ga komai, tun daga wanki har rufi. In ta iya, daddawa za ku riƙa sayarwa, ba kalwa ba."

Marta ta dafa ƙirji. Ta san abin da na faɗa. Sanin nan daga hannun uwata na karɓe shi, ita ma daga tata. Matan 'ya'yana uku sun yi shekaru suna leƙe, in na zo rufi sai in aike su kasuwa.

"Hajja, kin tabbata?"

"Ki yi shiru kafin in sake tunani."

Murhun bilbil

Da safe matsala ta fito. Karan auduga wutarsa kamar fushin yaro ce, ta tashi fuu ta mutu. A murhun duwatsu uku iska ce za ta sha rabinta. Sai Marta ta ja ni bayan gida ta nuna mini wani dogon rami da aka shafe da laka, baki ɗaya na sa wuta, da gurbin tukwane uku a jere, hayaƙi na fita ta ƙarshe.

"Wannan fa?"

"Murhun bilbil ɗina ne." Giyar dawa ke nan da mutanensu ke dafawa.

Na ce, "Marta, ni da na taɓa ɗakin Allah, a murhun giya?"

"Tukunya ce ke shan giya, Hajja. Murhu wuta kawai ya sani."

Tanimu ya ce zai ba da labarin nan a Garwa tun daga gada har filin jirgi. Na ce a kawo sababbin tukwane, waɗanda ko ruwa ba su taɓa gani ba. Iliya ya hau moto ya sayo uku. Na yi bisimilla na ɗora su da hannuna.

Ban taɓa ganin murhu irin wannan ba. Wuta ɗaya, tukunya uku na tafasa. Muka kakkarya karan, muka ɗaure shi ƙanana-ƙanana da ƙarfi don ya daɗe yana ci. Wahalarsa ɗaya, ba a barinsa. Itacen kirya sai ki tura gungume ki tafi barci, wannan kuwa sai da mutum a bakinsa. Matan maƙwabta suka zo kallon Hajjar da ke dahuwa a murhun bilbil, sai Marta ta ba kowace aiki, suka riƙa karɓa-karɓa suna waƙoƙinsu na dutse. Ni ina zaune a kujera 'yar tsugune ina ba da umarni, abin da na fi iyawa ke nan.

Washegari kalwa ta kumbura, ta yi laushi. Na nuna wa Sara yadda ake matsa ƙwara tsakanin yatsu a ji ko ta kai. Muka zuba a turmi da tokar karan nan, aka yi sussuka a hankali har ɓawo ya saki, aka wanke a kogi, aka tsince. Sannan dahuwa ta biyu, gajeriya, da 'yar kanwa. Sauran abin da na nuna mata a kunne na faɗa, kuma Malama ba za ta rubuta shi ba.

Aka tsane kalwa aka juye a kwando mai shimfiɗar ganye, tururi na tashi. Da zafinta ake rufewa, in ta huce ta lalace. Na ɗauko bargona na riƙe, ban rufa ba.

"Mama, za ta huce," in ji Sara. Ran nan na fara jin muryarta sosai.

"Na sani. Amma ba a rufe daddawa da gardama a cikin gida. In an rufe, ɗaci take yi. Iliya, itatuwan nan, za a sare ko ba za a sare ba?"

Iliya ya yi dariya. "Mama Hajja, yau kika ƙirƙiro wannan dokar?"

"Tambayi uwarka."

Marta ta ce, "Ko bilbil haka take. Shekarar da muka yi faɗa da ubanka a kan akuya, tukunya uku muka zubar."

Iliya ya dubi Tanimu. Tanimu ya ɗaga hannuwa. "Ni baƙo ne. Amma ka sani, kuɗina yau ne, nata sai an jira."

"To in ta yi kyau..." in ji Iliya.

"Daddawa ba ta karɓar in. Dubi tururin, raguwa yake."

Sara ta ɗago ta kalli mijinta, hannuwanta duk sun yi jawur da wankin kalwa. Ya share gumi da hularsa.

"Ba zan sare ba. Rufe, Mama."

Na miƙa wa Sara bargon, na ce ita za ta rufe. Ta rufe, ta danne gefe-gefe yadda na nuna mata, muka kai kwandon ɗakin da ba iska.

Kwana uku

A nan ne tsoro ya kama ni, ko da yake ban nuna ba. Na sa yaro ya bar kuɗi a hannu saboda maganata, ga shi ban taɓa dahuwa da karan auduga ba, ban san abin da tokarsa za ta yi ba. Kowace safiya sai in wuce ta ƙofar ɗakin kamar mai neman buta, ina shaƙar iska. Marta tana kallona tana dariya da dasashi.

Rana ta uku ba sai an tambaya ba. Ƙudajen Tuboro duka sun zo gaisuwa. Sara ta ɗaga bargo, warin nan mai albarka ya bugi fuskata, na sa yatsa na ja, ta yi yauƙi, ta yi baƙi-baƙi yadda ake so. Ta ɗan fi tawa laushi, na ce gobe a rage kanwa. Matan suka rangaɗa guɗa. Aka shanya, aka kirɓa, aka yi ƙwallaye aka lallatsa.

Da yamma Sara ta kaɗa miyar kuka da ita. Tanimu, wanda ya dawo daga yawon neman itace a ƙauyuka, ya ci malmala uku.

"Bawan Kanawa, yaya?"

"Ban ji daɗinta ba. A ƙaro in tabbatar."

Ranar kasuwar Tuboro muka kai faranti guda don gwaji. Kafin azahar wata mata mai kai kaya Chadi ta kwashe rabi, ta tambayi Sara ko za a samu kowane mako. Famfon Iliya bai samu ba bana, ya dai ce zai rage lambun ya lallaɓa da injin har kuɗin daddawa ya taru. Tanimu kuma bai koma hannu wofi ba, an ba shi itace biyu da suka bushe da kansu da rassan da iska ta karya. Na kama shi yana murza gawayin karan auduga a tafin hannu yana tambayar Sara ko in an kwaɓa shi da kokon rogo zai dunƙule ya yi nauyi.

"Kai kuma me kake ƙullawa?"

"Ke kika ce wuta kyauta. Kasuwa ta ji ki."

Komawa

Ba mu sake bin Cholire ba, ƙasusuwana sun ƙi. Muka bi kwalta ta Ngaundare, inda na ji sanyi har na nemi bargona, sai na tuna na bar wa Sara. Muka kwana a can, da safe muka gangaro dutsen nan mai kwane-kwane, direba yana tafiya a hankali, ni ina salati a bayyane, Tanimu yana yi a ɓoye. Zafin Garwa ya tarye mu tun kafin gada. Ana kiran la'asar na shiga Rumde Ajiya da buhu guda na daddawar da aka gama, maimakon buhunan kalwa da za su ci mini itace.

Matan 'ya'yana suka ji labari kafin in kwance kaya, don Tanimu ya cika alkawarinsa. Babbar ta zo ta durƙusa ta ce, "Hajja, ashe sai mun koma Tuboro za a koya mana?" Na ce ta kawo kujera ran Asabar, ta zo da sauran biyun, kowace da bakinta a rufe.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Hadiza ta Cholire da ruwan sanyinta, da Hamadu direba, da matan ƙauyen da suka yi yini a bakin wuta ba don an biya su ba. Masu cewa daddawar Sara ta fi tawa, Allah ya ba su lafiyar hanci.

Mu da muka fara bin hanyar Tuboro neman kalwa, tun ana kwana uku a bayan kamyo, mu bakwai ne. Hajja Mairo ta tafi, Ta-Sallah ta tafi, Asabe Doguwa da ƙanwarta sun tafi a shekara ɗaya, Inna Delu ta rasu a hanyar Makka. Saura ni da Goggo Habi, wadda ba ta gani yanzu amma ta shinshina ƙwallo ɗaya ta ce, "Wannan ɗorawar gangare ce." A can kuma, cikin waɗanda suka tarbe mu ran farko, saura Marta, da itatuwan, duka a tsaye.